Sayen Kwamfuta: Dacewa Ta Fi Suna

Shirinmu na yau a kan sayen kwamfuta ne, musamman ga wanda tasa ta mutu ko ta tsufa yake neman madadinta, da kuma wanda yake son ya sayi kayan ɗaya bayan ɗaya a harhaɗa masa. Masu wannan buƙata ba kaɗan ba ne a nan Maiduguri. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta shiga gidaje da shaguna da ofisoshi, kuma na'urar lantarki ba ta shiri da ruwa. Ga ɗaliban Jami'ar Maiduguri da na Ramat Polytechnic da ake nema su kawo aikinsu a buge, ga masu shagunan buga takardu da cike fom. Sannan tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kwamfuta ta zama kayan da mutum zai daɗe yana tara kuɗinsa. Wanda ya yi kuskuren saye yau, ba lallai ya samu halin gyara kuskuren a bana ba.

Maganata guda ɗaya ce. Yawancinmu idan za mu saya, ko a nan wajen Post Office ne, ko aike za mu yi Farm Centre a Kano, ko Computer Village ta Ikeja a Legas, suna muke riƙe da shi a baki. A ba ni HP, a ba ni Dell, a tabbatar Core i7 ce. Ni kuwa a ganina suna shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a tambaya. Abin da ke sa kwamfuta ta yi wa mai ita aiki shekara da shekaru shi ne dacewa: kayan cikinta su yarda da juna, ita ta yarda da manhajar da za a ɗora mata, kuma ta iya zama da irin wutarmu da zafinmu. Duk mai Keke Napep ya san kayan TVS ba sa hawa kan Bajaj, ko da yake duka biyun ƙafa uku gare su. Haka abin yake a cikin kwamfuta, sai dai nan kuskuren ya fi ɓuya.

Mu fara da wannan 'yar takardar da ake liƙawa kusa da madannai mai rubutun Core i7. Core i7 ba sunan furosesa ɗaya ba ne. Sunan aji ne da kamfanin Intel yake sa wa kayansa tun 2008, kuma kusan kowace shekara ya riƙa fitar da sabon zubi, wanda 'yan kasuwa ke kira janareshan. Furosesa i7-4600U ta fito a 2013, sassan lissafinta da ake kira kor guda 2 ne. Ita kuwa i5-8250U ta fito a 2017 da kor 4. Wanda ya ƙi ta biyun don an rubuta mata i5, ya ɗauki ta farkon don an rubuta i7, ya biya kuɗin suna ya bar ƙarfi a kanta. Gane zubin ba wuya: a duba lambobin da ke bayan 'yar sandar nan, lamba ta farko ita ce zubin. Idan 4 ce zubi na 4, idan 8 ce zubi na 8. Idan kuma lambar ta fara da 10 ko 11 ko 12, biyun farko ake karantawa. Kada a dogara da takardar da ke liƙe, domin ana ɓare ta a sauya. A kunna inji a karanta lambar daga cikinsa.

Wannan lamba ta ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, in ban da wani ƙarin wa'adi na gyaran tsaro da ya ba masu amfani a gida, wanda shi ma bai wuce Oktoban 2026 ba. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa: a ɓangaren Intel zubi na 8 zuwa sama take karɓa, a ɓangaren AMD daga Ryzen 2000, sannan dole a samu wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Ku yi tunanin abin da wannan ke nufi gare mu. Ofisoshi a Turai da Amurka da suka ga injinansu ba za su hau Windows 11 ba, sayar da su za su yi, kuma kasuwarmu ta tokumbo tana cikin wuraren da irin waɗannan kaya ke ƙarewa. Za su zo fes, ba ƙwarzane, da sabuwar caja, kuma da yawa 'yan zubi na 6 da na 7 ne. Kyawun jiki ba ya gaya maka komai game da wannan iyaka.

Na san abin da wani zai ce: ai yaran kasuwa suna ɗora Windows 11 a kan tsohon inji, kuma tana tashi lafiya lau. Gaskiya ne, akwai hanyar tsallake binciken, kuma tana aiki. Amma shi kansa kamfanin ya faɗa cewa injin da aka yi wa haka ba a ɗauki alkawarin zai ci gaba da samun sabuntawa ba. Wani kuma zai ce talaka ba shi da kuɗin zubi na 8, ko so nake ya haƙura da kwamfuta gaba ɗaya? A'a. Idan aikinka buga wasiƙa ne da lissafin shago, ba ka shiga intanet da ita sai jefi-jefi, tsohuwar za ta yi maka, kuma akwai Linux Mint da Ubuntu, kyauta ne, suna tafiya da kyau a kan tsofaffin injina. Sharaɗin dai a sayar maka da ita a matsayin tsohuwa, da farashin tsohuwa, kai ma ka san abin da ka saya. Mai shagon zane ya sani CorelDRAW ba a yi shi don Linux ba. Wanda kuwa zai riƙa shiga asusun banki, ko ya cike wa 'ya'yan mutane fom na JAMB, ko ya ajiye bayanan marasa lafiya, ban ga hujjar da zai kafa sana'arsa a kan injin da aka daina toshe wa ƙofofin ɓarayi ba. Araha ba ta ado.

Mu shiga ciki. RAM shi ne abin da aka fi saye daban a ƙara, kuma nan aka fi asara. Ka ɗauki sandar RAM ka dubi gefen da ke da 'yan layukan ruwan zinariya, za ka ga wata 'yar tsaga. Ba ado ba ce. An sa ta ne a wuri daban-daban don kada DDR3 ya shiga ramin DDR4, kada DDR4 ya shiga na DDR5. Na laftof gajere ne, haƙoransa 204 a DDR3, 260 a DDR4, 262 a DDR5. Na kwamfutar tebur dogo ne, ba ya shiga laftof ko kaɗan. Wannan duk da sauƙi, tunda ido yana gani, kuma wanda ya danna da ƙarfi ramin zai karya. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne wanda ido ba ya gani. DDR3 iri biyu ne masu siffa ɗaya: mai cin bolt 1.5 da mai cin bolt 1.35. A jikin takardar na farko an rubuta PC3, na biyu PC3L. Laftof 'yan zubi na 4 mai L ɗin suke so. Idan aka sa musu ɗayan, zai zauna daram a ramin, a danna makunni, fanka ta juya, allo kuwa sau da yawa ya tsaya baƙi ƙirin. Daga nan sai a fara zargin allo ko bod, a kashe kuɗin gyaran abin da lafiyarsa ƙalau, alhali harafi ɗaya ne ya jawo. Sannan akwai siraran laftof na zamani da aka narke RAM ɗinsu a jikin bod, ba rami ko ɗaya. Idan mai sayarwa ya ce maka giga 4 ce amma za a iya ƙarawa daga baya, ka ce ya buɗe bayanta ya nuna maka ramin. Microsoft ya ce giga 4 ta isa Windows 11 ta tashi. Tashi daban, aiki daban. Ni ba zan ba kowa shawarar ƙasa da giga 8 ba.

Ga masu harhaɗa ta tebur, furosesa da bod su ne tushe, kuma nan ma shiga rami ba shi ne dacewa ba. Intel ya yi amfani da soket, wato ramin furosesa, mai suna LGA1151 ga zubi na 6 da na 7, ya sake amfani da sunan ga zubi na 8 da na 9. Haƙora iri ɗaya, girma ɗaya, amma furosesar zubi na 8 ba ta aiki a bod ɗin zubi na 6. Soket LGA1700 na zubi na 12 zuwa na 14 shi kuma bod ɗinsa kashi biyu ne, wani DDR4 yake ɗauka wani DDR5, don haka wanda ke da tsohon RAM da yake son ya ci gaba da mora sai ya duba kafin ya biya. AMD ya fi sauƙin kai a nan, domin soket ɗinsa AM4 ya ɗauki Ryzen tun daga 1000 har zuwa 5000, sai dai tsohon bod yakan buƙaci a sabunta masa BIOS kafin ya gane sabuwar furosesa. AM5 da ya fito a 2022 kuwa DDR5 kaɗai ya sani. Kowane kamfanin bod yana wallafa jerin furosesoshin da bod ɗin ke karɓa a shafinsa na intanet, da waya ma ana dubawa. Tsarin saye ke nan: aiki ya zaɓi furosesa, furosesa ta zaɓi bod, bod ya zaɓi RAM. Wanda ya fara da abin da ya tsinta da araha, sauran kayan za su ja shi inda bai shirya ba.

Ma'ajiya ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD shi ne gyara mafi riba da za a yi wa tsohuwar kwamfuta, har ma yakan sa mai niyyar sayen sabuwa ya fasa. A kula kawai da siririn nan mai suna M.2, domin iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma akwai ramin da ɗaya kawai yake karantawa ko da ɗayan ya shiga.

Akwai kuma kwamfutocin tebur na ofis da suka cika kasuwa, irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre. Injina ne masu ƙarko, ina yaba su ga makaranta da shago. Amma matashin da ya sayi ƙaramar cikinsu da nufin daga baya ya sa mata babban katin hoto don gyaran bidiyo ko zanen gini, ya sani akwatin siriri ne, gajeren kati kawai yake ɗauka. Fawa fak ɗinta, wato sashen da ke ba ta wuta, ƙarami ne, yawanci ba shi da wayar da babban kati ke buƙata, kuma ramin bod wat 75 kaɗai yake bayarwa. Idan ya ce bari ya sauya fawa fak ɗin, sai ya tarar da yawansu ba sa bin tsarin ATX mai haƙora 24 da kowa ke bi, kamfanin ya yi nasa bakin waya daban. Ba laifin injin ba ne, ba don wannan aikin aka ƙera shi ba.

Yanzu ga ɓangaren da babu littafin kamfani da zai gaya mana, wato wuta. Mutanen garin nan ba sa buƙatar a tuna musu watan Janairu na 2021, lokacin da 'yan tada ƙayar baya suka kayar da turakun layin da ke kawo wuta daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu. An buɗe tashar gas mai megawat 50 a watan Maris na 2023, an samu sauƙi, amma har yau gida da shago sun dogara da janareta da sola da inbata. Saboda haka tambayar nawa inji ke ci, kuma wace irin wuta yake so, tana gaba da tambayar gudunsa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Cajar laftof ba ruwanta, an rubuta a jikinta daga 100 zuwa 240. Amma a bayan wasu tsofaffin kwamfutocin tebur, kusa da inda ake soka waya, akwai wani ɗan jan maɓalli da ake turawa gefe, ɗaya ɓangaren 115 ɗayan 230. Injin da ya taso daga Amurka a kan 115 yake zuwa. Idan aka jona shi haka, ƙara ɗaya za a ji, sai hayaƙi da ƙauri, fawa fak ya tafi, wani lokaci har da bod. Duba wannan maɓalli bai kai ƙiftawar ido ba.

Inbata ma iri-iri ce. Akwai mai fitar da tsabtatacciyar wuta mai santsi irin ta NEPA, akwai mai araha da wutarta ke tafiya a tsattsinke. Fawa fak na zamani da yawa ba sa jituwa da ta biyun, sukan yi tsuwa, ko inji ya mutu daidai lokacin da wuta ta koma kan batir, wato lokacin da aka sayi inbatar dominsa. Ga wanda solarsa ƙarama ce, hujja tana tare da laftof: cajar yawancinsu wat 45 zuwa 65 ce, kuma batirinta yana riƙe aiki idan aka ɗauke wuta. Sai dai a nan ma caja ba a yi mata kallon raini. Ta Dell da ta HP akwai masu baki iri ɗaya da bolt 19.5 iri ɗaya, amma a tsakiyar bakin akwai wata siririyar allura da inji ke gane cajarsa da ita. Idan Dell ba ta gane caja ba, takan ƙi cika batir ta kuma rage gudunta, mai ita ya yi ta zaton tsufa ne ko ƙwayar cuta. Cajar jabu kuwa, wadda za ka ɗaga ka ji ta shafal, ita ce mafi saurin hanyar kashe bod.

Zafi da ƙura su ne sauran. A watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Maiduguri yana haura 40, hunturu kuma ya zo da ƙurar da ke toshe hancin fanka. Furosesa idan zafinta ya doshi 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Siririyar laftof mai ƙarfin gaske da aka ƙera don ofis mai na'urar sanyi, a ɗakin kwano ba za ta ba ka gudun da ka biya ba. Shi ya sa na fi karkata ga ajin ma'aikata, irin su Latitude da EliteBook da ThinkPad: suna buɗuwa da sukundireba a share fanka, kuma da yake sun yi yawa a kasuwa, allonsu da batirinsu da madannansu ba sa wuyar samu. Injin da idan allonsa ya fashe sai an jira saƙo daga Legas, shi ma bai dace da garin ba. Kuma tun bayan ambaliya, a duba cikin duk inji na hannu: farin gari ko kore-kore a kan bod, ko tsatsa a kan sukurori, alama ce ta ruwa ya taɓa shiga, kuma irin wannan yakan yi aiki wata ɗaya ko biyu kafin ya tsaya.

Saura babbar suka. Wani dattijo zai ce, malam, duk waɗannan lambobi na mene ne, ba ga injiniya ba, a bar wa mai sana'a sana'arsa. Ina girmama masu gyaran garin nan, da yawansu sun koyi aikin da hannunsu cikin wahala, kuma suna da amana. Ba cewa nake kowa ya zama injiniya ba. Amma injiniya bai san aikinka ba sai ka gaya masa. Bai san kana da tsohuwar firinta da sai an tabbatar akwai direbanta a Windows 11 ba. Bai san majigin makarantarku bakin VGA gare shi, sabuwar laftof kuwa HDMI kaɗai take da shi ba. Bai san manhajar da malaminka ya ce a yi aiki da ita ba ta hawa kan Chromebook ba. Mai shago kuma, komai kirkinsa, abin da ke kan kantarsa zai fara nuna maka. Wanda ya tura kuɗi Legas a kan hoton WhatsApp da kalmar Core i7 kawai ya yi cinikin biri a sama. Sanin tambayoyi huɗu ko biyar ba raina mai sana'a ba ne, sauƙaƙa masa aiki ne, kuma yana kare zumunci, domin yawancin rigimar bayan ciniki daga abin da ba a faɗa ba take tasowa.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, ranar da za ku je saye, ku tafi da takarda da aka rubuta aikin da injin zai yi da kayan da kuke da su a gida da za a jona masa. Ku sa a kunna a gabanku. A Dell a danna F2 yayin tashi, a HP F10, a ThinkPad F1, a shiga BIOS a ga ba a kulle shi da kalmar sirrin wani kamfani ba, a karanta cikakkiyar lambar furosesa da yawan RAM. A cire caja a ga batir ya riƙe. Sannan mai shago ya rubuta waɗannan lambobi a kan rasit, tare da kwanakin garanti, ya sa hannu. Idan ya ƙi rubutawa, ku riƙe kuɗinku ku shiga shago na gaba.